Maɓalli Na Huɗu

A Ulanbator sanyi ba ya sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa ya nemi wuri ya zauna.
Yara ashirin da uku, takalma arba'in da shida,
safar hannu da kullum sai ɗaya ta ɓata,
sai ni, sai agogon bango mai azarɓaɓi.

Shekarar farko na zo da takarda mai hatimi,
na ɗauka ni tulu ce, su kuwa ƙananan kofuna.
A tsaye nake koyarwa. Daga can sama
ba abin da nake gani sai tsakiyar kawuna.

Tuguldur, ɗan shekara huɗu,
ya ce kada a taɓa masa rigar sanyi.
“Ni zan ɓalla da kaina.”
Maɓalli na farko ya faɗa ramin na biyu,
na biyu ya haura gidan na uku,
na huɗu ya tsaya a waje, ba masauki.
Sauran sun yi layi suna gumi cikin kaya.
Sai wata murya ta fito daga bakina,
ba tawa ba:
ta mahaifina ce, a bayan tumaki,
ranar da na bar ƙofar garke a buɗe.
Na rantse na binne ta a ƙauye.
Ashe ta hau mota ta biyo ni birni,
shekara goma sha tara tana kwance a maƙogwarona
tana jiran yaro da maɓalli.

Bai yi kuka ba. Da ma ya yi.
Hannuwansa ya sauke,
ya miƙo mini ƙirji kamar kayan wani.
Na ɓalla masa daidai, ɗaya bayan ɗaya,
ban taɓa yin aiki mai kyau
da ya yi mini muni haka ba.

A kicin, tsohuwa Dolgor ta zuba mini shayi,
mai madara da gishiri, ba ta dube ni ba.
Tukunya take kallo, ta ce:
“Madara in ta taso ba a yi mata tsawa,
wuta ake ragewa.”

Washegari na durƙusa.
Gwiwata ta yi ƙara, ajin ya canza kama:
tebur ya zama dutse, mariƙin ƙofa ya yi nisa,
manya duk ƙafafu ne masu sauri.
Na ce, “Tuguldur, jiya na yi maka laifi.”
Kalmar ta fi buhun gawayi nauyi,
ba wanda ya taɓa faɗa mini ita ina ƙarama.
Ya dube ni, ya dubi rigata,
ya sa yatsa: “Malama, kin tsallake ɗaya.”

Shekara tara ke nan.
Ba zan ce na zama ruwan sanyi ba;
ran Laraba ma Anungoo ta zubar da fenti,
na ji tsohuwar muryar ta ɗaga kai.
Amma yanzu na san takunta tun daga nesa,
ina ba ta kujera a cikina, in ce ta jira,
in ƙirga numfashi har wutar ta ragu.

Da hutun bazara na je gida.
Mahaifina ya tsufa, hannunsa na rawa,
yana kokawa da maɓallin kafaɗar rigarsa.
Na miƙa hannu, ya ce, “Bari.”
Na mayar da hannuna cinya.
Tumaki na kuka a waje, shayi na hucewa,
ya kuskure, ya sake, ya kuskure.

Na zauna kusa da shi ina jira.
Wani yaro ne ya koya mini.